Tatsuniyar Tebur: Daga Amurka Zuwa Bencin Nima

In ka bar babban titin unguwar Nima ta Ghana bayan la'asar, ka kutsa lungunan da ke gangarawa wajen Maamobi, kunnenka zai riga idonka isa wurin masu wasa. Tas! Katako ne ya sauka a kan katako. Mutum biyu sun haɗa gwiwa, allon dame a kan cinyoyinsu, kowa da 'ya'ya 20. Masu kallo sun fi masu wasan zafi. Wani matashi ya leƙo ta kafaɗar wani dattijo ya ce, "Baba, ci dole ne fa!" Dattijon bai ko ɗago kai ba, ya kwashe uku a tafi ɗaya. Wanda aka cinye ya tashi, na layi ya zauna. Can gefe butar ataya na tafasa a kan gawayi, yara kuma sun baje ludo a bakin wata ƙofa suna girgiza ƙwaya a cikin gwangwani.

Wannan zama yana da wani ɗan uwa a ƙasar waje da mutanen Zongo ba su cika jin labarinsa ba, alhali kuɗin da ke yawo a cikinsa ba kaɗan ba ne. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons daga garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Kwafi 1,000 suka fara bugawa. Ba shi da allo irin na dame, ba a kuma cinye kowa. Ni dai tatsuniyar tebur nake ce masa, domin tatsuniya ce da masu sauraro ke shiga ciki su zama 'yan wasa.

Bari in kwatanta shi da kayan gida. Mutum biyar sun zauna. Ɗaya shi ne mai labari, sauran kowa ya ɗauki matsayi a ayarin fatake da ya taso daga Kano zuwa Salaga sayen goro: wannan madugu, wannan jagaba, wannan malamin ayari, wannan mai kula da jakuna. An rubuta wa kowa ƙarfinsa da rauninsa a takarda. Mai labari ya ce, "Kun iso bakin kogi da almuru, ruwa ya cika, mai fito ya ce sai kun ba shi kashi ɗaya cikin biyar na kanwarku. Me za ku yi?" Madugu ya ce zai yi ciniki. Sai a jefa ƙwaya. In lamba ta yi sama, bakinsa ya yi aiki, mai fito ya sauko. In ta yi ƙasa, mai fito ya fusata ya ja kwalekwalensa, ga dare, ga kukan kura. Mai labarin kansa bai san inda za a kwana ba. Daɗin ke nan. Ƙwayar da aka fi amfani da ita a wasan Amurkawa fuska 20 gare ta, amma ta ludo mai fuska 6 ma tana yi.

To yaya lafiyar wannan sana'a a yau? Ya danganta da wanda ka tambaya. Kamfanin da ya fara buga wasan, TSR, bashi ya ci shi, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, shi ma Wizards ɗin, Hasbro mai kayan wasan yara ya haɗiye shi a 1999. Bayan bugu na biyar na 2014 kasuwa ta buɗe sosai. Shirin Critical Role, inda masu sanya murya a finafinan zane ke yin wasan a gaban kyamara, ya fara a 2015, kuma a 2019 masoyansa suka tara masa sama da dala miliyan 11 don a mai da labarin fim ɗin zane. Zaman gida na lokacin korona ya ƙara jawo mutane. A 2023 aka yi fim a kan wasan, aka kuma fitar da wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 wanda ya kwashe lambobin yabo. Amma a watan Disamba na wannan shekarar Hasbro ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 1,100, har da wasu daga cikin masu aikin wasan. Gona ta yi kyau, manoma na kwana da yunwa.

Rigimar da ta fi tona asirin sana'ar ta faru ne a Janairun 2023. Tun shekarar 2000 akwai wani lasisi da ya ba kowa damar ɗaukar ƙashin bayan dokokin wasan ya gina nasa littafin ya sayar. A kansa kamfanin Paizo ya kafa wasan Pathfinder a 2009, ƙananan mawallafa da yawa kuma suka samu abin sawa a baka. Sai takarda ta ɓulla cewa kamfanin Wizards of the Coast na shirin soke tsohon lasisin, ya riƙa karɓar la'ada daga manyan masu cin moriyarsa. Masu wasa suka yi ca, suka shiga janye kuɗin rajistarsu na intanet. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya wuce inda aka roƙa: ya saki dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya karɓewa daga baya. Ashe mai akwatin kuɗi ba shi ne mai wasan ba.

Ƙananan mawallafan kuwa ta wani gefen ruwa ya ci su. Ƙwayoyi da akwatuna da 'yan mutum-mutumin roba yawanci a Sin ake ƙera su, kuma a Afrilun 2025 harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin ɗari kafin a sassauta. A farkon shekarar kuma babban dillalin nan Diamond, wanda a lokacin shi ne uban gidan Alliance mai rarraba wasanni ga shaguna, ya bayyana karyewa, kayan mawallafa suka maƙale a rumbunansa.

Labarin da ya fi kusa da Ghana shi ne na Allan Cudicio, wanda ke da jinin Ghana da na Italiya. Ya kafa kamfanin Twin Drums a Berlin, ya ƙirƙiri The Wagadu Chronicles, sunan da ya aro daga tsohuwar daular Wagadu, wadda ƙasar Ghana ta ɗauki sunanta na biyu. Duniya ce ta almara da aka gina da al'adun Afirka zalla, ba jarumin Turai mai sulke ko ɗaya. Ya yi ta kashi biyu: littafi na wasan tebur da babban wasan intanet. Jama'a suka tara masa kuɗi a shafin Kickstarter a 2020, kamfanin Riot Games ma ya tallafa. A 2024 wasan intanet ɗin ya rufe, don kuɗin riƙe shi sun gagara. Littafin fa? Duk wanda ya sauke shi yana nan da abinsa, zai iya tara abokai yau da dare su yi wasa. A ganina wannan ya fi duk wani lissafin Hasbro faɗin gaskiya game da makomar sana'ar. Abin da ke rataye da na'ura yana mutuwa ranar da aka kasa biyan kuɗinta. A Abuja kuma Kenechukwu Ogbuagu ya bi ta hanyar ƙasa: kamfaninsa NIBCARD yana buga wasannin tebur a gida Najeriya, yana shirya taron masu wasa duk shekara, kuma a 2021 ya karɓi lambar Diana Jones, ɗaya daga cikin masu daraja a wannan fage.

Me ya hana abin shigowa Nima? Na farko kuɗi. Littafin ɗan wasa na Dungeons & Dragons na 2024 shafi 384 ne na Turanci, dala 50, kuma uku ne manyan littattafan, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Sai maganar addini, wadda ba ta wasa ba ce a unguwar da masallaci ke kowane lungu. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani ga wasan nardi da ake yi da ƙwaya, shi ya sa wasu malamai ko ludo ba sa so, balle littafin da ke cike da matsafa da alloli. Amurkawa ma sun sha irin wannan muhawara a shekarun 1980, lokacin da wasu iyaye da limaman coci suka ce wasan ƙofar shaiɗan ne. Sai dai ƙwaya ba farilla ba ce. Tun 1991 aka yi wasan Amber wanda babu ƙwaya a cikinsa sam, kuma labarin ayarin goro ba ya bukatar boka.

Babban kishiyar ma ba malam ba ne, waya ce. A yawancin majalisun samari da ake kira bes, kawuna a sunkuye suke, ana duba sakamakon ƙwallon Ingila da tikitin caca. Har gwamnati ta sa harajin kashi 10 a kan abin da aka ci a 2023, aka soke shi a 2025. Benci na nan, shayi na nan, hira ce ke raguwa.

Ga shi kuwa shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tashen azumi yara kan zama tsoho ko malam ko gwauro. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa gwamna da alƙali. Yaron Nima kuma da Gizo da Ananse duka ya tashi, yana jin Hausa da Twi da Ga da Turanci, kakansa wataƙila daga Sakkwato ko Gao ko Yendi ya zo. Kalmar zongo kanta daga zangon fatake ta fito, kuma watsewar kasuwar Salaga bayan yaƙin basasar 1892 na cikin abin da ya cika zangunan kudu da mutane. Tun Janairun 2023 doka ta yarda wani malamin makaranta a Maamobi ya fassara dokokin wasan nan da aka saki zuwa Hausa, ya zubar da dodannin Turai, ya zuba madugai da 'yan fashin hanyar Gonja, ya buga shafi 20 a shagon fotokwafi ya sayar, muddin ya ambaci inda ya samo. Kayan aikin da suka rage fensir ne, da takardar kwas, da ƙwaya ɗaya da za a aro daga gwangwanin yaran bakin ƙofa.