Saurin sauyin CSS da halin mai koyo a Hanwa

Duk shafin intanet da ka buɗe, akwai harshen da ke faɗa wa wayarka launin rubutu, girmansa, da inda hoto zai zauna. Sunansa CSS. Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway, shi ya gabatar da shi a 1994 lokacin yana aiki a CERN, hukumar W3C ta amince da kashin farko a Disambar 1996. Da fari tafiyar hawainiya ya yi: CSS2 ya fito a 1998, amma gyararrensa bai kammala ba sai 2011.

Wannan jinkiri ne ya sa masu gina shafuka suka fara ƙera wa kansu kayan sauƙaƙa aiki. Sass ya zo a 2006, Bootstrap ya fito daga kamfanin Twitter a 2011, Tailwind ya biyo baya a 2017. Daga nan abu ya koma gudu.

Nauyin gudun a kan mai koyo yake sauka. Ɗauki matashin unguwar Hanwa a Zariya da ke zuwa Samaru ko Kongo karatu, ya dawo gida da dare ya kunna kwamfuta idan an kawo wuta. Ya sayi data da kuɗin da ya matse, ya sauke darasin Bootstrap daga YouTube. Malamin ya rubuta ml-3 don ba da tazara a hagu, shi ma ya rubuta, shafi bai motsa ba. Zai kwana yana zargin kansa, alhali darasin na Bootstrap 4 ne, shi kuwa na 5 ya ɗora, wanda ya fito a 2021 ya mayar da ml zuwa ms.

Ban ga laifin wannan sauyin ba, domin da dalili aka yi shi. An daina cewa hagu da dama, aka koma farkon layi da ƙarshensa, saboda rubutun da ke tashi daga dama. Duk wanda zai gina wa makarantar Islamiyya shafi mai Larabci ko Ajami a Zariya ya ci riba a nan.

Wanda ya fi damuna shi ne sauyin da ke barin mutane a baya. Tailwind 4, na Janairun 2025, yana buƙatar Chrome 111 ko Safari 16.4 zuwa sama. Mai shago ko uban ɗalibi da zai duba shafin, tsohuwar Itel ko Tecno ce a hannunsa, wani ma Opera Mini yake amfani da ita don tattalin data. Shafin da ya yi kyau a kwamfutar mai gini yana iya wargajewa a can, kuma mai aikin ba ruwansa da sunan kayan da aka yi amfani da su. Cewa zai yi yaro bai iya ba.

Manhajar jami'a ba za ta taɓa cim ma wannan gudu ba. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da manhajar CCMAS a Disambar 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A ganina kuskure ne a cike wannan gurbi da sunan abin da ake yayi. Dokokin CSS na 1996 suna aiki har yau, kuma harshen ya haɗiye da yawa daga abin da ake zuwa nema a waje: Grid ya shiga manyan burauza a 2017, saka doka cikin doka, wanda a da sai da irin su Sass, ya samu a 2023. Waɗannan dokoki na CSS kansa ya kamata malamai a jami'ar ABU da kwalejin Nuhu Bamalli su zaunar wa ɗalibi da farko, sannan kada a karɓi aikin kowa sai an buɗe shi a ƙaramar waya mai raunin sabis.