Karen mota, uwa da kurtu: labarin waƙoƙi uku da suka ƙi tsufa

Akwai waƙar da takan cika gari wata uku sannan ta ɓace kamar raɓar safe, akwai kuma wadda jikokin waɗanda suka fara jin ta suke rera ta ba su san mai ita ba. Idan aka bi tarihin waƙoƙin Nijeriya da suka yi irin wannan ƙarko, za a tarar da yawansu ba domin manya aka yi su ba, wasu ma manyan ne suka raina su ko suka yaƙe su tun farko. Waƙoƙi uku sun isa shaida: ɗaya daga Jos, ɗaya daga Onitsha, ɗaya daga Legas.

Ta farko ita ce "Waƙar Karen Mota" ta Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, a nan laƙabinsa ya samo asali, ya kuma tashi a hannun Sarkin Bukuru, wanda mahaifinsa yake yi wa kiɗa. Bisa al'ada, wanda ya fito daga irin wannan gida fada yakan nufa, ya yabi sarki da hakimai da attajirai, domin a can riga da doki suke. Ɗanmaraya ya ɗauki kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya, ya nufi tasha.

Wanda ya zaɓa ya waƙe shi ne mafi ƙasƙanci a sana'ar mota: yaron da yake lodi, yake sa waigi a taya, yake kwana a kan kaya, yake shan zagin direba da na fasinja. Ba shi da abin da zai ba mawaƙi. Amma Jos gari ne na kuza da manyan motoci, kowace tasha daga nan har Kano da Maiduguri cike take da irin wannan yaro, kuma kowannensu ya ji labarin kansa a bakin Ɗanmaraya. Daga baya mawaƙin ya bi wannan hanya a "Jawabin Aure" da "Auren Dole" da "Mai Akwai da Babu", inda yakan sauya murya ya zama miji ya zama mata, kamar wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Ya rasu a watan Yunin 2015, amma har gobe in an ambaci sunansa, karen mota ne yake fara zuwa zuciya.

Ta biyu ta fito daga gabas. An haifi Prince Nico Mbarga a Abakaliki a 1950, uwarsa 'yar Nijeriya, ubansa ɗan Kamaru. Yaƙin basasa ya kore shi zuwa Kamaru, inda ya ƙware a salon kaɗa jita irin na Kwango. Da aka yi sulhu ya dawo ya kafa ƙungiyar Rocafil Jazz, suna wasa a wani otel a Onitsha. Ya kai wa kamfanin EMI waƙarsa "Sweet Mother", aka mayar masa da ita bisa hujjar cewa ta yi kama da waƙar yara. Wani ƙaramin kamfani na Onitsha, Rogers All Stars, shi ne ya buga faifan a 1976.

Abin da EMI ya ɗauka aibi shi ne ƙarfin waƙar. Da Turancin Buroka aka yi ta, harshen kasuwa da bariki, wanda Bayarabe da Bahaushe da ɗan Ghana da ɗan Saliyo duk suke fahimta. Jigonta kuma babu wanda bai shafa ba: uwar da ba ta barci in ɗanta bai yi ba, ba ta cin abinci in bai ci ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an sayar da kwafi miliyan 13, kuma a 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da Afirka ta fi so. Mbarga bai ga wannan rana ba, domin hatsarin babur ya yi ajalinsa a Kalaba a watan Yunin 1997.

Ta uku kuwa jini aka zubar a kanta. A 1976 Fela Anikulapo-Kuti da ƙungiyarsa ta Africa 70 suka fitar da "Zombie", lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. Waƙar ta kwatanta soja da gawar da ake sarrafawa, wadda ba ta motsi ko tunani sai da oda. Nan da nan ta shiga bakin matasan Legas, har suna tsokanar masu kaki da ita a titi. Ranar 18 ga Fabrairun 1977, kwana shida da rufe bikin FESTAC, sojoji kimanin dubu suka kewaye gidansa da ya raɗa wa suna Jamhuriyar Kalakuta. Aka ƙona gidan da kayan kiɗa da faya-fayai, aka lakaɗa wa mazauna duka, aka jefo mahaifiyarsa ta taga.

Wannan tsohuwa ita ce Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Abeokuta a boren haraji har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu a watan Afrilun 1978. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ɗora ƙone gidan a kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba. Fela ya amsa da waƙar "Unknown Soldier", kuma a 1979, dab da miƙa mulki ga farar hula, ya kai akwatin gawa ƙofar Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa a lokacin. Ya rasu a watan Agustan 1997, makonni kaɗan bayan Mbarga. Rahoton kwamitin yana can cikin takardu, waƙar kuwa tana bakin mutane, kuma a 2025 hukumar kyautar Grammy ta Amurka ta sa faifan "Zombie" cikin kundinta na faya-fayan tarihi.

Akwai abin lura a nan ga duk wanda aikinsa shi ne rubuta takarda ko ba shugaba shawara. A duka ukun, hukuncin masu kujera da na jama'a sun saɓa. Al'adar fada ba ta ga abin waƙewa a karen mota ba, kamfani bai ga kuɗi a waƙar uwa ba, gwamnati ta zaci wuta za ta kashe waƙar kurtu. Waƙar da talaka ya riƙe takan faɗi abin da rahoton ofis ya tsallake, kuma ta fi shi daɗewa.

Sai dai daɗewa a bakin mutane ba ta kare haƙƙin mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba abu biyu. Baitoci da karin waƙa suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, amma muryar da aka naɗa a faifai shekara 50 ce kawai daga shekarar da aka fitar da ita. Ke nan naɗin da ya fito a 1976 wa'adinsa ƙarshen 2026 ne, na shekarun da suka biyo baya kuma suna nan tafe a layi. Magadan mawaƙan wancan zamani suna bukatar su san wannan bambanci, kuma wayar musu da kai aikin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ne.

Akwai kuma batun adana asalin naɗin. Yawancin waƙoƙin Hausa na wancan lokaci, na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, a tef ɗin gidajen rediyo aka ɗauke su, musamman Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962. Tef kuwa zafi da danshi suna cin sa a hankali. Mayar da shi cikin kwamfuta, tare da rubuta sunan mawaƙi da 'yan amshi da shekarar ɗauka, aiki ne na kasafin kuɗi da sa hannu, kuma tebur ɗin da za a sa hannun a Abuja yake.