Saɓanin nau'i wajen kiran aiki da sunansa: misali daga farashin hatsi a Magarya da Dungas

A harshen Java, idan aka rubuta sunan aiki (fonction) kai tsaye, mai harhaɗawa (compilateur) yakan duba nau'in abin da aka miƙa wa aikin tun porogaram ba ta tashi ba. Amma tun fitowar JDK 1.1 a 1997 ana iya zaɓen aikin ana cikin gudu, a kira shi ta hanyar Method.invoke. A nan wancan bincike na farko ya faɗi.

A ɗauka ɗalibi ya tattara farashin gero a kasuwannin gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Wani layi na jadawalinsa yana cewa "tiya", wani "buhu", kuma da wannan kalma porogaram take zaɓen aikin lissafi. Aikin yana jiran lamba mai ɗigo, wato double. In aka ba shi cikakkiyar lamba kamar 3, zai karɓa, don Java tana faɗaɗa ta da kanta. In aka ba shi "2,5" kamar yadda ya fito daga jadawali, jerin haruffa ne, sai porogaram ta tsaya da IllegalArgumentException. Saƙon yana nuna wurin kiran, alhali ɓarnar ta auku tun wajen karanta jadawalin, can kuma ya kamata a nema.

A ganinmu wannan tsayawa sauƙi ce. Waƙafin da ke cikin 2,5 rubutun Faransanci ne; a ƙetaren iyaka, a Babura ko Maigatari, 2.5 ake rubutawa. A Visual Basic na Excel, CDbl("2,5") yana ba da biyu da rabi a na'urar da aka saita da Faransanci, amma a mai saitin Ingilishi yana ba da 25, ba tare da wani gargaɗi ba.

Akwai kuma saɓanin da na'ura ba ta gani sam. Mai sayarwa in ya ce "ɗari", dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. Wani kuma naira yake ƙidaya. Dukkansu lambobi ne a wurin Java. Don haka muke ba ɗalibanmu shawarar su juya kowane rukuni zuwa nau'insa tun a wajen shigar da bayani, su kuma ware rukuni guda na sunan kuɗin da na ma'aunin.