Me Ya Hana Jijiyar Gwiwa Haɗewa?

Ɗan ƙwallo yana cikin gudu, ya dasa ƙafa zai juya, sai ya ji "ɗas" a gwiwa, ya zube. Kafin dare gwiwar ta kumbura suntum. In jijiyar gefe ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira MCL, galibi ɗauri da hutun 'yan makonni sun wadatar, za ta haɗe da kanta. Amma in ta tsakiya ce, wato ACL, mai riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba, ko shekara aka yi ana jira da wuya bakunanta biyu su haɗu. Gwiwa ɗaya, jini ɗaya, to me ya raba su?

Da farko an zaci rashin ɗinki ne. A 1895 likita Mayo Robson na birnin Lids a Ingila ya buɗe gwiwar wani mai haƙar ma'adinai ya ɗinke jijiyoyin, mutumin kuwa ya koma bakin aikinsa. Daga baya likitocin makarantar sojan Amurka ta West Point suka yi ta ɗinke wa ɗalibansu, abin kuma ya yi kyau a shekaru biyun farko. Da John Feagin da Walton Curl suka bi sawun waɗannan matasa bayan shekara 5, sakamakon da suka fitar a 1976 ya sanyaya jikin kowa: kashi 94 cikin 100 gwiwarsu na gocewa, kashi 71 na fama da ciwo.

Nan aka yanke wa jijiyar hukunci cewa ba ta warkewa. Aka koma yi mata canji, wato dashe: a yanko wata jijiya daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya, a huda ƙashi, a zura ta, a ɗaure. Aikin yana ci, ya mayar da dubban 'yan wasa fili. Sai dai an raunata lafiyayyen wuri don a gyara mai ciwo, jinya kan kai wata 9 zuwa shekara, kuma da yawa amosanin gaɓa na riskarsu tun da sauran ƙuruciyarsu. Tambayar asali kuwa ba a amsa ta ba, kewaye ta kawai aka yi.

Martha Murray ce ta ƙi yarda a bar ta haka. Injiniyanci ta fara karantawa, wannan tambaya ta ja ta zuwa likitanci, ta kafa ɗakin bincike a Asibitin Yara na Boston. Ta ɗauki abubuwan da ake zargi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ƙwayoyin halittar jijiyar. Ko ragwaye ne? Da ta duba guntayen da aka ciro daga marasa lafiya, sai ta tarar suna hayayyafa, suna ƙera zaren kolajin kamar na kowace jijiya. Na biyu jini. Ko ba ya isa wurin? Nan ma ta ga sababbin hanyoyin jini suna tsirowa a bakunan da suka tsinke. Duka biyun sun kuɓuta.

Saura wuri ɗaya da ba a bincika ba: giɓin da ke tsakani. In jijiyar gefe ta tsinke, jini kan daskare a giɓin ya zama guda, gudan nan shi ne gadar da ƙwayoyin ke hawa daga wannan baki zuwa wancan suna saƙa sabon nama. A jijiyar tsakiya kuwa giɓin wayam yake. Dalili shi ne mazauninta: tana cikin gaɓa tsundum, cikin ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwa gogayya, kuma a ruwan akwai sinadarin filasmin mai narkar da gudan jini. Amfaninsa shi ne kada gaɓa ta ƙage. Amma da ya narkar da gudan, sai kowane baki ya janye, fata mai santsi ta rufe shi. Ɗinki kaɗai ba ya cike wannan giɓi, shi ya sa aikin West Point ya warware.

Hujja sai da gwaji. Murray da abokan aikinta suka ƙera wani ɗan soso daga kolajin na shanu, wanda ruwan gaɓa ba ya saurin cinyewa. A tiyata akan sa shi tsakanin bakunan, a jiƙa shi da kimanin mililita 10 na jinin mai ciwon, a ja zare a matso da su. Cikin kusan mako 8 jiki ya shanye soson, sabon nama ya maye gurbinsa. An gwada a kan aladu, sannan a kan mutane daga 2015. A wani gwaji na mutum 100, bayan shekara 2 ƙarfin gwiwar waɗanda aka sa wa soson ya yi daidai da na waɗanda aka yi wa dashe, tsokar bayan cinyarsu ma ta fi ƙarfi. A Disamban 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan BEAR.

Yana da iyaka. Amincewar ta 2020 ta shafi aikin da aka yi cikin kwana 50 da jin ciwon, sai kuma akwai ragowar jijiyar da za a kama, kuma wasu takan sake tsinke musu. Dashe ne har yau aikin da aka fi yi a duniya. Don haka wanda gwiwarsa ta yi ƙara ta kumbura kada ya zauna yana ɗauri yana jira, ya nemi likitan ƙashi da wuri, tun bakunan jijiyar ba su janye ba.