Motar da ta gane ana yi mata jarrabawa

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen mota wurin dillalai ya san yadda ake gwaji a wajenmu. A buɗe bonet, makanike ya kasa kunne, a taka totur har inji ya yi ruri, a leƙa salansa a ga ko tana hayaƙi, sannan a ce, "Alhaji, wannan inji garau yake." A kan wannan shaida ta kunne ake ƙirga miliyoyin naira. A ƙasashen da ake ƙera motocin kuwa, aikin na wata na'ura ne da ake kira dainamomita, wato ma'aunin ƙarfin inji. Labarin wannan na'ura, da yadda wani babban kamfani ya yaudare ta shekara da shekaru, yana da darasi gare mu masu sayen motocin da wasu suka gama hawa.

Da "ƙarfin doki" ake faɗin ƙarfin inji. James Watt, injiniya ɗan Sikotland, shi ya yaɗa wannan awo a ƙarshen ƙarni na 18, domin ya nuna wa masu ma'adinai da masana'antu dawaki nawa injinsa mai aiki da tururi zai maye gurbinsu. Ƙarfin doki ɗaya shi ne wanda zai ɗaga nauyin kimanin kilo 75 sama tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. A shekarar 1821 wani Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya ƙirƙiro hanyar auna shi: a matse sandar da inji ke juyawa da wani irin birki na katako, a ga nauyin da ake buƙata kafin a riƙe birkin kada ya bi juyin. Na'urorin yau da ruwa ko lantarki suke riƙe injin, kwamfuta kuma ke lissafi, amma hikimar ba ta sauya ba.

Gwajin iri biyu ne. Akwai wanda ake ciro inji a ɗaura shi kai tsaye a jikin na'ura. Akwai kuma wanda ake hawa da mota sukutum kan wasu manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, a ɗaure ta tamau, direba ya sa giya ya taka totur. Tayoyi na gudu, mota na nan inda take. Na'urar tana auna ƙarfin murɗawar taya da yawan juyin inji a minti ɗaya, daga nan ta fitar da ƙarfin doki. Adadin da ake samu a taya kullum bai kai na inji ba, domin giya da sauran ƙarafan da ke kai juyi ga taya suna cin nasu kason. A kan waɗannan ganguna ne kuma hukumomi ke tara hayaƙin mota su auna gubar da ke cikinsa kafin su yarda a sayar da ita.

To, a nan gizo ke saƙar. Amfanin gwajin ɗaki shi ne kowace mota tsari ɗaya take bi, gudu iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Rauninsa ma ke nan, domin ɗalibin da ya san tambayoyi tun kafin ranar jarrabawa ba ya buƙatar karatu.

A shekarar 2013 masu bincike na Jami'ar West Virginia a Amurka suka ɗora na'urar auna hayaƙi a bayan motoci uku masu amfani da dizal, suka shiga da su titi. Biyu daga ciki ƙirar Volkswagen ne, kuma a ɗakin gwaji sun ci jarrabawa. A kan hanya kuwa, gubar da ɗaya ke fitarwa, wadda ke cutar da huhu, ta ninka abin da doka ta yarda da shi har sau 35. Ranar 18 ga Satumba, 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito fili ta tuhumi kamfanin. Ashe an dasa wa motocin manhaja mai lura da alamun gwaji, kamar tayoyi na gudu alhali sitiyari bai motsa ba. Da ta ga haka sai ta kunna duk matakan tace hayaƙi, idan an koma titi kuma ta sassauta su domin mota ta ƙara kuzari ta rage shan mai.

Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 a duniya na ɗauke da manhajar. Shugabansa, Martin Winterkorn, ya sauka daga muƙaminsa cikin kwana biyar. A 2017 kamfanin ya amsa laifi a gaban kotun Amurka, ya amince da biyan tarar dala biliyan 4.3, kuma jimillar abin da badaƙalar ta ci masa ta haura yuro biliyan 30. Tarayyar Turai ta ɗauki darasi, daga Satumban 2017 ta wajabta gwajin hayaƙi a kan titi ga sababbin samfuran motoci, ƙari a kan na ɗaki.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwanmu a ciki babba ne. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Su ne muke kira 'yan Kwatano. Da yawa an cire masu matatar hayaƙin nan ta salansa da makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Hayaƙin da suke tuttulowa mai talla a bakin titi ke shaƙa, da ɗan makaranta a cikin A Daidaita Sahu.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mudu ba ya tauye kansa, hannun mai awo ne ke tauyewa. Dainamomita ba ta yi ƙarya ba, abin da aka nuna mata ta faɗa. Idan ƙasashe masu dokoki da kayan aiki sun yi shekaru ana yi masu rufa-rufa, yaya lamarin zai kasance inda takardar lafiyar mota kan fito ba tare da an ga motar ba?

Saboda haka kira na farko ga gwamnatocin jihohinmu ne: su samar wa jami'an duba motoci cibiyoyin gwaji na gaske, kuma su riƙa bin motoci kan titi da na'ura domin a gwama sakamakon biyu. Na biyu ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya: tawagar da ta bankaɗo wannan badaƙala 'yan mutane ne ƙalilan a jami'a ɗaya, don haka sassan injiniyancinmu ba su da uzurin raina kansu. Mai sayen mota kuma kada ya tsaya ga rurin inji a gaban dillali. Ya hau ta, ya bi da ita hawa da gangara, ya sa a duba kwamfutarta da salansarta kafin kuɗi su bar hannunsa.