Da Baki Ko Da Alƙalami: Auna Kamewar Mai Barin Giya

Tun shekarar 2000, da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, giya ta janye daga idon jama'a, amma waɗanda ta zame wa jaraba ba su gushe ba suna zuwa wurin likitocin ƙwaƙwalwa, galibi a ɓoye, wani ɗan'uwa yana rakiyarsu. Mas'alar da ke gaban likita ita ce yadda zai gane ko wanda ya yi wata guda bai kurɓa ba zai iya kamewa ranar da tsohon abokin sha ya tare shi.

A 1978, a birnin Seattle na Amurka, masu bincike Chaney da O'Leary da Marlatt suka jarraba hanyar baka: a kwatanta wa majinyaci wani hali, kamar ɓacin rai a gida ko tayin abokai, ya mayar da jawabi nan take. Suka tarar tsawon jinkirinsa kafin ya buɗe baki yana ishara ga makomarsa bayan sallama. Wannan jinkiri takarda ba ta kama shi, domin mai rubutu yana da sukunin yin tunani, ya goge, ya ƙawata jawabinsa, alhali fitina ba ta ba mutum wannan sukuni. Mu da muka gaji karatun zaure a Katsina, garin Wali Ɗanmarina, mun san cewa sai ɗalibi ya biya a gaban malaminsa ake sanin abin da ya riƙe. Ga shi kuma da yawa daga cikin majinyatanmu ajami suka iya, takardun asibiti kuwa da Turanci suke zuwa.

Duk da haka, alƙalami yana da falalarsa. Mutumin da ya san haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala tamanin ne, kuma kunyar na gaba ta lulluɓe shi, sau da yawa yakan rubuta abin da harshensa ya kasa furtawa, matuƙar ya amince takardar ba za ta fita daga ɗakin likita ba.

A ganina, a auna kamewa da baki, cikin Hausa, ba tare da ɗan rakiya a ɗakin ba; abin da ya shafi sirri kuwa a bar wa takarda, da ajami ko da boko. Ina roƙon likitocinmu su tanadi duka biyun, su kuma riƙe amanar abin da aka rubuta musu.