Abin da Aka Ɗora a Intanet Ba Ganima Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu ƙananan sana'o'i, kuma na gaji da ganinta. Mace za ta ɓata lokacinta ta tsara shafin sayar da turaren wuta da humra, ta biya mai hoto, ta zauna ta rubuta bayanin kowace kwalba. Kafin ta mai da kuɗinta sai wata ta kwashe hotunan da rubutun kakaf, ta sauya suna da lambar waya, ta buɗe nata. Haka ake yi wa tela da hoton babbar rigar da ya yi wa aiki, haka ake yi wa mai kilishi da mai makarantar koyon kwamfuta. Wani lokaci har kuskuren rubutun mai shafin na asali za ka tarar a wurin wanda ya kwafa, don ko karantawa bai tsaya yi ba.

Wannan satar fasaha ce, abin da aka taka kuma shi ne haƙƙin mallaka, wato ikon da mutum yake da shi a kan rubutu ko hoto ko bidiyon da ya samar. Abin da ya fi damuna shi ne amsar da ake bayarwa idan an yi magana: "To ai a intanet na gani." Kamar dai intanet wani daji ne da ba shi da mai shi.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana baza atamfa da leshi a ƙofar shago don masu wucewa su gani su taya. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki turmi ya saɓa a kafaɗa ya ce ai a waje ya gan shi ba. Mai shafi ma ya baza kayansa ne don a gani a saya, bai ce a kwasa ba. Doka tana tare da shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988, kuma ta yi tanadi na musamman a kan abin da ake ɗorawa a intanet, har da hanyar da mai haƙƙi zai bi a sauke kayansa daga shafin wani. Kariyar tana farawa ne daga lokacin da ka rubuta abin ko ka ɗauki hoton. Ba sai ka yi rajista ba, ba sai ka manna wata alama ba. Rubutu yana cikin kariya tsawon rayuwar marubucin da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, hoto kuma shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi. Ƙetare iyaka ma ba ya wanke mai kwafa, domin Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, kuma Nijar da Ghana da Kamaru duk suna cikinta.

Sai masu wayo, waɗanda ke sauya kalma biyu ko uku, ko su yanke gefen hoto inda tambarin mai shi yake, su ɗauka sun tsira. Yanke tambarin nan shi ne babbar shaidar cewa ka san ba naka ba ne. Wasu kuma su ce, "Ai na rubuta sunansa a ƙasa, talla ma nake yi masa." Wa ya roƙe ka tallar? Ambaton sunan mutum daban, neman izininsa daban.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ta masu fakewa da addini. Da zarar wanda aka cuta ya buɗe baki sai a ce masa, "Haba Malam, arziki na Allah ne, rabonka ba zai wuce ka ba." Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma wannan magana ba ta taɓa halatta wa kowa dukiyar wani ba. Tun a 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta su ba. Ga kuma algus a ciki. Wadda ta saci hoton ɗinkin da ba ta iya ba, ta karɓi kuɗin amarya, ranar kamu ta kawo wani abu daban, mutum biyu ta cuta. Mafi muni su ne 'yan damfara da ke kwafe shafi sukutum su sauya lambar asusu kawai. Mutane su tura kuɗi, kaya ba su zo ba, zagi ya faɗa kan mai sana'ar gaskiya. Wanda ya ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa ba zai kira irin wannan ƙaramin abu ba.



Akwai iyaka da ya kamata a sani. Doka ba ta kare dabara ko farashi ko irin sana'a. Idan maƙwabcinka ya ga kana sayar da dambun nama ta waya shi ma ya fara, da hotonsa da kalmominsa, gasa ce, sai ka ƙara himma. Idan kuma ku biyun daga shafin wani kamfani na Dubai ko Sin kuka ɗauko hoton abaya, babu mai bakin magana a cikinku.

To idan kayanka ne da gaske, me za ka yi? Kada ka fara da kiran waya. Fara da tara shaida, don da zarar mai kwafar ya ji motsinka zai goge. Ɗauki hoton shafinsa yadda adireshi da kwanan wata za su fito, ka jera shi kusa da naka. Nemo hotunanka na asali daga waya ko kyamarar da ta ɗauka, domin suna ɗauke da ranar da aka ɗauke su, kuma sun fi na mai kwafa girma da tsabta. Duba Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafuka, wataƙila ya riƙe naka tun kafin nasa ya wanzu. In kana son sanin iyakar ɓarnar, ɗauki jimla guda daga rubutunka ka sa ta cikin alamar zance a Google, hotuna kuma ka neme su da Google Lens. Sau da yawa za ka tarar ba mutum ɗaya ba ne.

Daga nan ka rubuta masa, a rubuce nake nufi, ba saƙon murya ba. Gajere, babu zagi: ga abin da ka ɗauka, ga shaidar nawa ne, ka cire zuwa rana kaza. Da yawa a nan ake gamawa, musamman idan wani yaro ya ba aikin shafin kuma bai san daga inda aka kwaso ba. Idan ɗan kasuwarku ne, shugabannin ƙungiya ko wani dattijo da yake jin nauyinsa sukan gama abin da lauya zai ɗauki watanni a kai.

Idan ya yi kunnen ƙashi, ka tsallake shi ka je wurin masu masaukinsa. Facebook da Instagram da TikTok duk suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma wanda ake yawan kamawa yana iya rasa shafin gaba ɗaya. Idan shafi ne mai zaman kansa, binciken WHOIS zai nuna maka kamfanin da ya yi masa rajistar suna, daga nan ka lalubo wanda ke ajiye masa shafin ka aika musu takarda. Yawancin waɗannan kamfanoni suna aiki da dokar DMCA ta Amurka ta 1998, kuma sukan gwammace su sauke abin da su shiga shari'a. Google ma yana karɓar irin wannan ƙorafi ya cire shafin daga sakamakon bincike. Sai dai ka tabbata abin da ka rubuta gaskiya ne, domin wanda ka kai ƙara yana da damar mai da martani. In asarar ta yi yawa, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, akwai kuma Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke sauraron irin wannan shari'a. A Nijar ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mawallafa.

Abin da nake roƙo a guje shi ne tonon silili. Na san daɗin da ke cikin ɗora hoton mutum a rubuta "ɓarawo" a kira mabiya su yi masa ca. Amma an sha kama mutane a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa a kan wasu, sai ka ga mai gaskiya ya koma shi ke neman beli. Abin da ya dace shi ne sanarwa ga abokan cinikinka: wannan ne shafinmu kaɗai, wannan ce lambar asusunmu.

Don gaba, sa tambarinka a tsakiyar hoto inda yanke shi zai ɓata hoton. Ɗauki kayan a cikin shagonka, da hannunka ko allon sunanka a ciki. Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta zama rajistar tambarin kasuwanci ba, wannan ofishinsa daban ne a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Kuma duk ranar da ka ɗauki mai hoto ko mai tsara shafi haya, ku rubuta a takarda cewa haƙƙin aikin ya dawo hannunka, ku sa hannu, domin a doka wanda ya samar da aiki shi ne mai shi na farko, ko da kai ka biya kuɗin.